Ranar da Baba Ya Kama Sunana

Ni 'yar fari ce, kuma a gidanmu wannan ba ƙaramin laifi ba ne. Mu mutanen shanu ne da suka zauna wuri ɗaya suka haɗa da noma, a wata ruga kusa da Kwandiko. Fillanci ya gudu daga bakinmu tun zamanin kakanni, in ban da sunayen shanu da na zagi, amma kunyar tana nan daram. Uba ba ya kama sunan ɗansa na fari, ba ya ɗaukarsa, ba ya haɗa ido da shi, in kuma aka yabi yaron a gabansa sai ya tashi ya ba da wuri. Baba ya riƙe wannan al'ada fiye da yadda ya riƙe sandarsa. Ƙannena yana kiransu ɗaya bayan ɗaya, har da sunayen tsokana, yana ɗora su a wuya. Ni kuwa sunana a wurinsa "waccan". In yana jin ƙishirwa ina tsaye a gabansa, sai ya dubi gefe ya ce, "A ce wa waccan ta kawo ruwa," ko da babu kowa a wurin sai maraƙi.

Goggo, ƙanwar Baba, ita ta yaye ni ta rene ni, ita ce kuma take ce min ƙauna ce ta yi masa yawa shi ya sa yake ɓoye ta. Na ji, amma ban yarda ba. Tun ina ƙarama ni mai zuciya ce, abin da ba a nuna min ba ban cika ɗauka ba. Na girma da tambaya guda a raina, ban kuma taɓa faɗa wa kowa ba: mutumin nan, in na faɗa rijiya, zai leƙa kuwa?

Bayan ni, abu na biyu da Baba ba ya kallo shi ne hukuma. An haife ni Turawa na naɗe tabarmarsu, na yi wayo a zamanin En'e, lokacin da mulki yake hannun sarakuna, kuma iyakar abin da rugarmu ta sani game da hukuma shi ne malamin jangali da ɗan dokan da ke riƙe masa jaka. Da an ji ƙishin-ƙishin sun fito, kafin gari ya waye rabin garken Baba ya haye bayan duwatsu, a bar tsofaffin shanu da ramammu suna kallon malami, malami na kallonsu. Baba yakan ce hannu ɗaya Allah ya yi wa hukuma, na karɓa.

Sai kuɗin mai ya shigo ƙasa. Aka bar fam da sule aka kama naira, samari suka shiga sayen rediyo da agogo, aka kuma ce En'e ta tafi, yanzu ƙaramar hukuma ce, tana zaune a Birnin Kudu, da Gwaram da mu duk muna ƙarƙashinta. Aka ba mu kansila, ɗan wani manomi da kowa ya san shi tun yana yawo ba wando. A shekarar ne na dawo gida goyon ciki, don an yi aurena da wani manomi a Yalwan Damai, haihuwar fari kuwa a gaban iyaye ake yin ta. Shi ya sa ina bayan zana tare da sauran mata ranar da kansila ya zo a kan babur ya tara maza a gindin tsamiya.

Ya ce hukuma ta sayi motar asibiti, tana Birnin Kudu, kuma ta kowa ce. In ciwo ya yi tsanani, mutum ya tafi Gwaram kai tsaye, ya nemi ɗakin oba-oba, inda ake aika magana ta iska, ya faɗa. Ba sai ya biya ta wurin mai unguwa ba, ba sai ya jira dagaci ya fito ba, ba goro, ba kaza.

Can wani tsoho ya gyara murya ya ce, "Yaro, kana nufin in tsallake mai unguwa, in tsallake dagaci, in je in tsaya gaban hukuma da ƙafata? To in na dawo a wane gari zan kwana?"

Kansila ya ce dagaci ya sani, hakimi ma ya sani, su suka ce a faɗa. Ya ƙara da cewa motar nan da harajinsu da jangalinsu aka haɗa aka saye ta, don haka ba roƙo za su je yi ba. Baba ya ɗaga kai ya ce, "To, wace taya ce tawa?" Aka yi ta dariya, har mu da ke bayan zana. Da kansila ya ga magana ba ta shiga ba, sai ya ɗauko a-kori-kura ranar kasuwar Gwaram ya kwashi dattawa, ya ce su je su gane wa idonsu. Baba ya bi su, ba don oba-oba ba, don yana da bijimin da yake so ya ji farashinsa.

Da yamma na ji shi yana ba Baffa, ƙaninsa, labari a bakin garke, da irin muryar da yake kwaikwayon dillalan shanu. Wai wani ɗan ɗaki ne a gefen ofishin hakimi, an kafa masa dogon ƙarfe a ka. A ciki akwai akwati mai shan batirin mota, da wani matashi da ke zaune gabansa, in ya tashi wani ya karɓe shi. Kai ka faɗa wa matashi, matashi ya faɗa wa akwati, akwati ya faɗa wa ɗan'uwansa a Birnin Kudu. A can wani mutum yake zaune, ba shi da aiki sai sauraron kuka daga kowace kusurwa, ya auna wanda ciwonsa ya fi, ya ce wa direba ga inda za ka. Motar ɗaya ce tal, saboda haka wanda ya fi kusa da kabari shi ake fara ɗaukowa. Kuma duk ofishin da ke da irin akwatin yana jin abin da ake faɗa.

"Akwatin tsegumi ne," in ji Baba. "Ka yi tari a Gwaram, a yi maka sannu a Birnin Kudu."

Naƙuda ta kama ni da kaka, ana tsakiyar yankan gero. Goggo da ungozoma ne a kaina. Inna, mahaifiyata, ba ta shigo ba, don ita ma kunyar ta ɗaure ta, tana bayan ɗaki tana tankaɗen garin da ta riga ta tankaɗe. Na sha rubutu, na sha jiƙo, na riƙe turmi har hannuna ya mutu. Yini ya wuce, dare ya wuce, gari ya waye ina nan inda nake, sai dai ƙarfina ya ƙare, muryoyin mutane kuma sun fara yi min nisa. Goggo ta fita tsakar gida. Ba a yi wa uba zancen haihuwar 'yarsa ta fari, don haka Baffa ta fuskanta, amma ta ɗaga murya yadda ko kurma zai ji.

"Yarinyar nan tun jiya take kan gwiwa. Ɗa ya ƙi saukowa, ga jini ya ɓalle. In kuna da abin yi, ku yi."

Ta jikin zana na ji maza suna shawara. Duk abin da kansila ya faɗa a gindin tsamiya ya bi iska. Aka nemo goro, Baffa ya sa rigarsa ta Juma'a ya tafi neman mai unguwa, don mai unguwa ya kai shi wurin dagaci. Daga baya na ji mai unguwa yana gona, dagaci kuma ya tafi gaisuwar mutuwa wani ƙauye, Baffa ya yi ta bin sawunsu da goronsa a aljihu. Ban ji muryar Baba a cikin shawarar ba. Da Goggo ta dawo ɗaki, ungozoma ta tambaye ta a hankali me maigida ya ce. Goggo ta ja tsaki ta ce, "Me zai ce? Ya ɗauki sandarsa ya yi daji. Ya tafi wajen shanunsa."

Sun ɗauka ba na ji. Na ji sarai, kuma wallahi wannan maganar ta fi naƙudar yi min ciwo. Na ce a raina, to, ga amsar tambayata.

Bayan azahar na ji wani ruri da ban taɓa ji a rugarmu ba. Kaji suka watse, yara suka ɗauki ihu. Wata mata mai fararen kaya ta sunkuyo cikin ɗaki, ta taɓa cikina, ta duba idona, ba ta tsaya gaisuwa ba ta ce a kawo gado. Maza biyu suka ɗauke ni. Da aka fito da ni hasken rana ya dake ni, na ga farar Landiroba a tsaye har bakin zana, inda ko jaki ba ya zuwa. Na juya kai ina neman Baba. Yana can cikin garke, ya ba mu baya, yana sosa wuyan wata saniya. Aka sa ni a mota, aka rufe, aka tayar, ko waiwaye bai yi ba. Na yi alkawari a zuciyata in na rayu ba zan ƙara kai masa ruwa ba.

A babban asibiti a Birnin Kudu aka yi min aiki aka ciro ɗa namiji, da ransa. Matar nan mai fararen kaya ta ce wa Goggo da mun kai yamma, da sai dai wani labarin. Na dawo ruga na yi wankan jego a ɗakin Goggo. Na yi wa Baffa godiya har da hawaye, shi kuwa ya sunkuyar da kai ya ce Allah ne ya yi. Da kansila ya zo barka na gode masa, ya ce hukuma ce ta yi aikinta, ya yi sauri ya kama zancen jariri. Baba ya ɗan jima yana ɗingishi, aka ce ƙaya ce. Ruwa kuwa na ci gaba da kai masa, don ba ni da yadda zan yi, amma ina dangwarar da ƙwaryar yadda zai san da magana. Abu ɗaya ya ba kowa mamaki a shekarar: malamin jangali ya zo, Baba bai kora ko saniya ɗaya bayan duwatsu ba. Goggo ta ce tsufa ne ya fara kama shi.

Yarona yana gudu da ƙafarsa lokacin da aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata a Yalwan Damai. Mijina ya bar ni na shiga, kuma a nan na fara riƙe alli. Malamarmu mace ce mai kuzari, ba ta yarda karatu ya tsaya a allo ba. Wata rana ta roƙo mana motar hukuma, ta ce za ta kai mu Birnin Kudu mu ga inda ake yanke maganar rijiyarmu da hanyarmu. Muka ci ado kamar masu zuwa biki. Aka nuna mana zauren da kansiloli ke zama, har aka ce mu hau kujerun, muka hau muna ƙunshe dariya. Aka nuna mana ofishin masu allurar shanu, da na masu duba tsafta, da na masu haƙa rijiya. Wata tsohuwa a cikinmu ta ce rijiyar unguwarsu ta rufta tun bara, wa za ta gaya wa? Aka nuna mata ƙofa, ta shiga da zanenta da takalminta ta faɗa, ta fito tana taku ɗai-ɗai. Ban taɓa ganin ta miƙe haka ba.

Ɗakin oba-oba aka kai mu daga ƙarshe. Mutumin da ke wurin ya ce mana a Gwaram ya fara aiki, daga baya aka dawo da shi nan. Ya nuna mana akwatin, da abin maganar da ake dannawa, ya kira wani ofishi muka ji an amsa, wasu suka ja da baya. Sannan ya ce a gwada. Ya miƙa wa wata maƙwabciyata abin maganar, ya ce ta ɗauka maciji ya sari mijinta, shi kuma shi ne mai rabon mota. Ya tambaye ta, "Yaya mai jiki?" Kafin ta yi tunani bakinta ya ce, "Da sauƙi." Ya tafa hannu ya ce, "To madalla, mota ta tafi wani wuri." Muka fashe da dariya, ita ma tana yi.

Da muka lafa ya ce, "Ku yi dariya, amma wannan ladabin namu ya kusa kashe wata baiwar Allah a gabana. Duk wanda ya zo ɗakin nan sai na ba shi labarin."

Ya ce wata ranar kasuwa ce da kaka, yana Gwaram, da hantsi wani dattijo mai shanu daga wajen Kwandiko ya yi sallama. Ya tuna fuskarsa, don yana cikin waɗanda kansila ya taɓa kawowa, shi ne ma ya tsaya daga baya yana taɓe baki. Dattijo ya durƙusa ya shiga gaisuwa, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya aiki. Da ƙyar ya samu ya tambaye shi, "Baba, lafiya?" Dattijo ya ce lafiya ƙalau, wata ce dai a wajensu jikinta ya ɗan motsa, ko motar nan tana kusa.

Ina jin ya ce Kwandiko gabana ya faɗi, amma na ce a raina masu shanu a Kwandiko ai ba ɗaya ba ne.

Ya ce ya kira Birnin Kudu ya faɗa yadda aka faɗa masa. Mai rabon mota ya ce direba ya riga ya tayar, za shi Sundimina, wani ya faɗo daga itacen ɗorawa ya karye a cinya, ɗan'uwansa ma yana nan tsaye yana jira. Mai ɗan motsin jiki ta yi haƙuri zuwa gobe. Dattijo ya ji da kunnensa. Amma bai tashi ba.

"A nan ne na dubi ƙafarsa," in ji mai oba-oba. "Takalmi ɗaya ne, ɗayan babu. Wandonsa a jiƙe har cinya, ya ratso rafi. Tafin ƙafar duk jini, ya ɓata min siminti. Na ce mutum ba ya yin irin wannan gudu saboda ɗan motsin jiki. Na ce masa, Baba, ni na ga ƙafarka, amma wancan na Birnin Kudu bai gani ba. Akwatin nan ba shi da ido, abin da aka faɗa masa shi yake kaiwa. Wace ce ba ta da lafiya, me ya same ta?"

Dattijo ya dubi taga. Ranar kasuwa ce, mutane sun cika bakin tagar suna kallon akwati, a cikinsu har da dattawan rugage, sa'o'insa, waɗanda suka san shi suka san gidansa. Ya ce a hankali ko za a ce su matsa. Mai oba-oba ya ce masa ko an kore su, duk ofishin da ke ƙasar nan yana ji, kuma mota tana kan fita. Ya ƙara gaya masa doka: ba a sakin mota sai an ji sunan mara lafiya daga bakin wanda ya san shi, don an taɓa kiranta aka je aka tarar buhunan gyaɗa ake so a ɗauka.

"Na danna na miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu. Na ɗauka zai mayar min. Sai ya janye rawani daga bakinsa ya ce, 'Yata ce. Ta fari. Tun jiya take kan gwiwa, jini ya ɓalle mata. Ni ne ubanta."

Mai rabon mota ya ce, "Sunanta?"

"Sai ya faɗa," in ji mai oba-oba. "Bai faɗa da ƙarfi ba, akwatin yana shuu, na can ya ce bai ji ba, a maimaita. Ya maimaita, wannan karon har na bakin kasuwa sun ji. Sunan ma ban manta ba." Sai ya faɗi sunana.

Ya ci gaba da magana, ni kuwa kunnuwana sun yi dum. Na ji dai yana cewa dattawan da ke taga duk sun sunkuyar da kai, babu wanda ya dubi wani. A Birnin Kudu kuma sai aka ji wata murya daban, ta ɗan'uwan mai karayar nan, yana cewa a fara da ita, nasu maɗori zai riƙe shi zuwa yamma. Mai rabon mota ya ce direba ya ɗauki ungozomar asibiti ya juya Gwaram, ya kuma aika a shirya ɗakin aiki. Dattijo ya ƙi zama, ya ƙi shan ruwa, ya je ya tsaya a mararraba har motar ta iso, ya shiga gaba yana nuna hanya. Direba ya ba su labari daga baya cewa duk hanyar magana ɗaya dattijon ya yi masa, lokacin da suka zo wani wuri mai duwatsu direban ya rage gudu. Wai ya ce, "Taka, yaro. Taya ɗaya tawa ce." Da suka hango rugar kuwa ya ce a tsaya, ya sauka, ya zagaya ta baya ya shige cikin shanu.

Mata suka yi ta salati. Wata ta tambaya, "To ita yarinyar ta rayu?" Ya ce ya ji an ce ta rayu, ita da ɗan, amma bai taɓa ganinta ba.

Ni da ba na iya yin shiru ko a gidan makoki, ranar sai da na nemi muryata. Na ce, "Malam, ga ta nan."

Ya dube ni, ya dubi malamarmu, ya miƙe tsaye daga kujerarsa. Ni kuma kuka ya ƙwace min a gaban mutane, ban ji kunyar kowa ba. Ashe Baffa ya sani, kansila ya sani, dattawan kasuwa sun sani, Goggo ma daga baya ta sani, duk suka haɗa baki suka rufa wa Baba asiri, don in aka faɗa ba zai iya ɗaga ido a cikin sa'o'insa ba. Ni kaɗai aka bari ina dangwarar da ƙwarya. Na yi alfahari a ranar irin wanda ban taɓa yi ba. Na yi alfahari da wancan mutumin Sundimina da ban san fuskarsa ba, da matashin da ya dubi ƙafa, da motar da ta shigo har bakin zananmu ba goro ba kaza. Amma mafi yawa da Baba na yi. Maza sun tafi neman mai unguwa, shi kaɗai ne, mai raina akwati, ya riƙe abin da aka koya musu. Na roƙi mai oba-oba ya sake faɗa min yadda ya faɗa, ya sake, na ce ya ƙara, har malamarmu ta ce direba yana jira.

Ranar Juma'ar da ta biyo na goya yarona na tafi ruga. Na samu Goggo na ce mata na ji, ta ce, "Kin ji me?" tana kallon tukunya, sannan ta ce in na kuskura na tayar masa da maganar sai ta fasa min baki. Na dama fura da nono mai kauri yadda yake so, na ɗauka na nufi garke. Yana zaune a kan buzu yana tufkar igiya. Ya tsufa, gemun ya yi fari fat. Na dubi ƙafarsa ta hagu, na ga tabon, wanda na sha gani ban tambaya ba.

Bai ɗago ba. Ya ce wa iska, "A ce wa waccan ta ajiye."

Na durƙusa na ajiye a hankali, ƙwaryar ko motsi ba ta yi ba. Ban tashi ba, na daɗe fiye da yadda ya kamata 'yar fari ta daɗe a gaban ubanta. Ya ci gaba da tufka. Labarin zuwanmu Birnin Kudu ya riga ni isowa, na sani, don a ƙasarmu ba sai da akwati ba. Can ya dubi wata jar saniya da ke kusa ya ce mata, "An ce mata sun je kallon hukuma. Akwatin nan nasu yana nan yana aiki?"

Ni ma saniyar na duba na ce, "Yana nan. An ce ba ya mantuwa."

Hannunsa ya tsaya a kan igiyar. Ya ce, "To, madalla." Ya jawo ƙwaryar ya sha, ya sha sosai, ya rage ya miƙa wa jikansa, ya kira shi da sunansa ya ɗora shi a cinya.

Iyakar maganar da muka taɓa yi a kai ke nan. Ya rayu shekaru bayan haka, ya ga motar ta zama biyu, ya zama shi ne mai tsawata wa duk wanda ya ɗauki goro zai nemi mai unguwa alhali mutum na kwance. Har Allah ya karɓi ransa ni "waccan" ce, kuma da gudu nake amsawa. Ofisoshin ƙasar nan kaf sun ji sunana daga bakinsa, da 'yan kasuwar Gwaram, da direba, da mutumin Sundimina. Ni ban taɓa ji ba. A lokacin da yake faɗa ina kwance a ɗakin Goggo, ina ce wa raina ya tafi wajen shanunsa.